Zuriyar Ɗan Juma da Kafuwar Gumel: Bin Salsalar Gidan Sarauta a Bakin Iyaka

Gabatarwa

Garin Gumel yana arewa maso gabas da birnin Kano, tazarar kilomita 120 ko sama da haka kaɗan. Ƙasar da ake kira Masarautar Gumel ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu na Jihar Jigawa, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Wanda ya shiga kasuwannin waɗannan wurare Hausa zai ji ana yi, har ya ɗauka ƙasar ba ta da wani bambanci da ƙasar Kano ko ta Haɗeja. Amma tarihi ya nuna akasin haka. Gumel ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Daular Sakkwato ba, sarakunanta ba su karɓi tuta ba, kuma gidan sarautarta na Mangawa ne masu dangantaka da Barno.

Manufar wannan lacca ita ce bin salsalar wannan gida tun daga mutumin da ake jingina wa kafa ƙasar, watau Ɗan Juma, har zuwa jikokin da suka riƙe sarautar a ƙarni na ashirin. Za a duba abin da jerin sarakuna ya faɗa, a gwada shi da abin da baƙi suka gani da idonsu, sa'an nan a ga darasin da ke ciki ga duk mai son bin asalin gidansu a ƙasar da ke bakin iyaka.

Ƙasar da aka zauna

Kafin a yi maganar mutum, ya kamata a san irin ƙasar da ya sauka. Yankin Gumel ƙasa ce ta jigawa da rairayi, ba ta da babban kogi, ruwan shanta daga rijiyoyi masu zurfi yake. Gero da dawa da wake su ne abin nomanta, kiwo kuwa ya karɓe ta ƙwarai. A tsakiyar ƙarni na goma sha takwas wannan yanki yana tsakanin manyan dauloli biyu: Kano daga kudu maso yamma, Barno daga gabas. A lokacin Barno ce mai ƙarfi, hedkwatarta tana Birnin Gazargamu, kuma Galadiman Barno, wanda mazauninsa ke Nguru, shi ke lura da ƙasashen yamma. Littafin tarihin sarakunan Kano ma ya ambaci zuwan rundunar Barno har bakin birnin Kano a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743.

A irin wannan fili da ke tsakanin masu ƙarfi ne ƙananan sarautu ke tsirowa. Mutum mai jama'a da dawakai yakan sami wuri ya sauka, ya haƙa rijiya, ya yi kafi, ya tara manoma da makiyaya da masu gudun fitina, sa'an nan ya nemi inuwar wani babban sarki ta hanyar aika gaisuwa. Haka Damagaram ta tashi a cikin shekarun 1730, kuma ita da Muniyo da Macina duk Barno suke bi. Gumel ƙanwarsu ce a wannan tsari.

Wane ne Ɗan Juma?

Jerin sarakunan Gumel ya fara da Ɗan Juma ɗan Musa, wanda aka sa mulkinsa daga 1749 zuwa 1754. Game da inda ya fito, ruwaya biyu ake da su. Wasu littattafan Turawa sun ce daga birnin Kano ya taso tare da mabiyansa Mangawa. Ruwayar da ta fi yaɗuwa a ƙasar Gumel kuwa gabas take nufa, tana danganta gidan da Barno. A wuri guda dai ruwayoyin suka haɗu: jama'ar da ta kafa sarautar Mangawa ce. Mangawa reshe ne na Barebari, ƙasarsu ta asali tana arewa da kogin Yobe, a yankin da yanzu ya rabu tsakanin Nijeriya da Nijar, kuma sun shahara da dafa gishirin mangul da haƙar kanwa.

Wannan sana'a tasu tana taimakawa wajen fahimtar ruwayoyin biyu. Mutanen da ke fataucin gishiri da kanwa sun san hanyar Kano, suna da masauki da 'yan'uwa a cikinta. Saboda haka ba lalle ne ruwayoyin su ƙaryata juna ba: mutum yana iya zama Bamange ta wajen jini, ya kuma zauna a Kano kafin ya fita neman wurin kansa. Ɗaya ruwayar tana amsa tambayar "su wane ne kakanninsa", ɗayar tana amsa tambayar "daga ina ya yi sirdi". Mai bin salsala yana bukatar ya rarrabe waɗannan tambayoyi, domin masu ba da labari sukan haɗa su.

Sunansa ma abin lura ne. Ɗan Juma laƙabi ne na Hausa da ake yi wa yaron da aka haifa ranar Juma'a. Shugaban Mangawa mai laƙabin Hausa a shekarar 1749 shaida ce cewa cuɗanyar harsunan biyu ta riga kafuwar sarautar. Bayan rasuwarsa a 1754 ba da daɗewa ba ƙasar ta shiga sahun masu kai gaisuwa Barno.

Wanda ya kafa da wanda ya haifa

A nan ne jerin sarakunan ya nuna wani abu da ake yawan tsallakewa. Wanda ya gaji Ɗan Juma shi ne Adamu Karro, daga 1754 zuwa 1760, bayansa sai Ɗan Juma na biyu, daga 1760 zuwa 1777. Jerin bai kira waɗannan biyu 'ya'yan Ɗan Juma na farko ba. Ya jingina su ga wani mutum dabam, Digadiga Karro, wanda shi kansa ba ya cikin waɗanda suka yi sarauta. Sarki na huɗu kuwa, Maikota, ɗan Adamu Karro ne, ya yi shekara 27 a kan gado, daga 1777 zuwa 1804. Duk sarkin da ya zo bayan Maikota, daga tsatsonsa ya fito.

Ma'anar wannan ita ce, idan aka ce sarakunan Gumel zuriyar Ɗan Juma ne, to gadon sarauta ake nufi. Idan kuwa jini ake bi, uba da ɗa, layin yana komawa ne ga Maikota, daga shi zuwa Adamu Karro, daga shi zuwa Digadiga Karro. Wannan ba ya rage wa Ɗan Juma daraja ko kaɗan, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa da Barno, inda sarauta ke zagayawa tsakanin 'yan'uwa da 'ya'yan 'yan'uwa. Abin da yake koyarwa shi ne, wanda ya kafa gari dabam, wanda ya haifi masu mulkin garin dabam, kuma bakin jama'a yakan mai da su mutum ɗaya idan zamani ya yi nisa.

'Ya'yan Maikota da zamanin jihadi

'Ya'yan Maikota uku ne suka yi sarauta a jere: Kalgo daga 1804 zuwa 1811, Ɗan Auwa daga 1811 zuwa 1828, da Muhammadu Ɗan Tanoma daga 1828 zuwa 1851. Shekara 47 ke nan ƙasar tana hannun 'yan uba ɗaya. A nan ma akwai tarko ga mai bincike. Tun da Ɗan Auwa da Ɗan Tanoma duk 'ya'yan Maikota ne, ke nan Auwa da Tanoma ba sunayen ubanninsu ba ne. A al'adar Hausa kalmar "ɗan" tana iya jingina mutum ga uwa, ko gari, ko rana, ko wanda ya rene shi. Wanda ya ɗauki kowane "ɗan wane" a matsayin sunan uba zai ƙirƙiro kakannin da ba a taɓa yi ba.

Shekarar da Kalgo ya hau, 1804, ita ce shekarar da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara. Cikin 'yan shekaru taswirar yankin ta sake. Kano ta faɗa hannun masu jihadi a 1807. Haɗeja da Katagum suka zama masarautun tuta a kan ƙasar da a da ke bin Barno. Birnin Gazargamu kansa ya faɗi a 1808. Daura ta shiga hannun Fulani, daga baya Kazaure ta tashi ƙarƙashin Ɗan Tunku. Gumel kuwa ta tsaya a inda take. Da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya farfaɗo da Barno, ya gina Kukawa a 1814, can mubaya'ar Gumel ta koma.

Wannan ne ya mai da Gumel garin bakin iyaka na sosai. A da tana tsakanin dauloli biyu da ke zaman lafiya wani lokaci, su yi faɗa wani lokaci. Yanzu ta zama ƙofar Barno ta yamma, Kano a gabanta, Haɗeja a gefenta, Damagaram a bayanta tana ƙara ƙarfi. Daga 1828, shekarar da Ɗan Tanoma ya hau, ƙasar ta shiga yaƙe-yaƙe da waɗannan maƙwabta uku, kuma ba su ƙare ba sai wajen ƙarshen ƙarnin.

Ƙaura daga Tumbi

Garin Gumel na yanzu ba shi ne mazaunin sarakunan farko ba. Kafin shi fadar tana Tumbi, arewa da nan, kuma a zamanin Ɗan Tanoma aka taso zuwa wurin da mutanen ƙasar ke kira Lautai har yau. Shekarar da littattafai suka fi ambata game da wannan ƙaura ita ce 1845. Saboda haka idan ana neman wanda ya fara zaunar da gidan sarauta a cikin garin Gumel kansa, Ɗan Tanoma ne, kusan shekara ɗari bayan Ɗan Juma. Ƙasar ta girmi garin, kuma wanda bai lura da haka ba zai yi ta neman kushewar sarakunan farko a inda ba su taɓa zama ba.

Shaidar baƙo

A watan Maris na 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka a Gumel a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Ya bayyana ta a matsayin garin bakin iyaka na ƙasar Barno ga mai fitowa daga Kano, ya sami Ɗan Tanoma a kan gado ya tsufa, ya kuma ga kasuwa cike. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne cinikin kanwa. Ana kawo ta daga Muniyo da bakin tafkin Chadi, a sauke a Gumel, fatake su ɗauka su nufi kudu har ƙasar Nupe. Wannan ya nuna abin da gidan sarautar ya dogara a kai: tsare hanya da kasuwa, da kuɗin fito da ake karɓa daga ayari.

Amfanin shaidar Barth ga mai bin salsala babba ne, domin ita ce turken da ake ɗaure sauran shekaru a jikinsa. Jerin ya ce Ɗan Tanoma ɗan Maikota ne, mulkin Maikota ya ƙare a 1804, shi kuma ya rasu a 1851. Mutumin da aka haifa kafin 1804 dole ya zama dattijo a 1851, kuma dattijo baƙon ya tarar. Ruwayar gida da rubutun baƙo sun gaskata juna.

Barth ya sake bi ta Gumel a ƙarshen 1854, a kan hanyarsa ta komawa Kukawa. A wannan karo ya tarar garin ya lalace, kasuwar ta mutu, jama'a sun ragu, saboda rikicin gadon sarauta da ya biyo bayan rasuwar tsohon sarki.

Rikicin gida da yaƙin waje

Jerin sarakuna ya bayyana wannan rikici a taƙaice. Ceri ɗan Ɗan Tanoma ya hau a 1851. A 1853 sarauta ta koma hannun Muhammadu Atu, ɗan Ɗan Auwa. A 1855 Ceri ya dawo, ya riƙe har 1861. Watau faɗan tsakanin ɗakuna biyu ne na gidan Maikota, ɗakin Ɗan Auwa da ɗakin Ɗan Tanoma, kowanne yana da hujja, tun da uban kowannensu ya yi sarauta. Wannan ita ce illar gadon 'yan'uwa: yana hana rikici a tsara ta farko, ya tara shi ga tsara ta biyu.

Akwai kuma abin lura a shekarun. A ƙarshen 1853 ne Abdurrahman ya ture ɗan'uwansa Shehu Umar a Kukawa, kuma a 1854 Shehu Umar ya karɓi mulkinsa. Faɗuwar Ceri da dawowarsa sun zo kusa da waɗannan sauye-sauye biyu. Ga ƙasar da ke neman amincewar Kukawa a kan wanda zai mulke ta, girgizar babbar fada ba ta rasa taɓa ƙarama.

Bayan Ceri sai ɗan'uwansa Abdullahi, wanda ake yi wa laƙabi da Abdu Jatau, daga 1861 zuwa 1872. Zamaninsa na yaƙi da Haɗeja ne, kuma a fagen fama ya rasu, a yaƙin Zaburam na 1872, zamanin Sarkin Haɗeja Haru. Da rasuwarsa wannan doguwar gaba ta lafa. Sai Abubakar, ɗa na uku na Ɗan Tanoma da ya yi sarauta, ya riƙe shekara 24, daga 1872 zuwa 1896. A arewa kuwa Damagaram ta Sarki Tanimu ta zama babbar barazana, hare-harenta na kamun bayi suka rage wa ƙasar jama'a. A 1893 Rabeh ya ci Barno ya rushe Kukawa, inuwar da Gumel ta daɗe tana fakewa a ƙarƙashinta ta gushe.

Daga uba zuwa ɗa

Daga Abubakar tsarin gado ya sauya. Ɗansa Ahmadu ya gaje shi a 1896. Shi ne ya karɓi Turawan Ingila a 1903, shekarar da suka ci Kano, ba tare da yaƙi ba, saɓanin Haɗeja wadda ta yi tsayayya har aka kashe sarkinta Muhammadu a 1906. Turawa suka sa Gumel cikin Lardin Kano, watau aka juyar da fuskarta daga gabas zuwa yamma. Bayan Ahmadu sai ɗansa Muhammadu na Kota, daga 1915 zuwa 1944. A zamaninsa jirgin ƙasa daga Kano ya ratsa Gagarawa ya isa Nguru a 1930, gyaɗa ta zama abin sayarwa, hanyar ayarin kanwa ta rage daraja. Bayansa sai ɗansa Maina Muhammadu, wanda ya ga samun mulkin kai a 1960, da kafa Jihar Kano a 1967, da gyaran ƙananan hukumomi na 1976 wanda ya kawo ƙarshen En'e. Ɗansa Alhaji Ahmad Muhammad Sani ya gaje shi wajen 1980, kuma a zamaninsa masarautar ta shiga sabuwar Jihar Jigawa a 1991.

Lissafi yana nuna girman wannan sauyi. Daga 1851 zuwa 1872, shekara 21, an yi hawa huɗu. Daga 1872 zuwa wajen 1980, shekara ɗari da 'yan kai, hawa huɗu kacal aka yi. Haka kuma, da aka kira Alhaji Ahmad Muhammad Sani sarki na 16, hawa aka ƙidaya: mutane 15 ne, domin Ceri sau biyu ya hau. Idan kuma aka bi layin jini, daga Adamu Karro zuwa Maikota, Ɗan Tanoma, Abubakar, Ahmadu, Muhammadu na Kota, Maina Muhammadu, har zuwa Ahmad Muhammad Sani, an yi taki bakwai cikin kimanin shekara 226. Kowane taki ya kama wajen shekara 32, abin da ya dace da tazarar uba da ɗa a gidan sarauta. Wannan gwaji yana ƙarfafa cewa ba a tsallake wata tsara ba, ba a kuma cusa wadda babu ba.

Iyakar da ta raba gida

Bayan yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906, jami'an ƙasashen biyu, Tilho da O'Shee, suka bi ƙasa suna kafa alamun iyaka daga 1906 zuwa 1908. Layin ya bi ta arewacin Maigatari, Tumbi ta faɗa ɓangaren Faransa, a ƙasar da ta zama Jamhuriyar Nijar. Tsohon mazaunin gidan sarautar Gumel ya zama ƙasar waje. Duk da haka zumunci bai yanke ba. Kasuwar dabbobi ta Maigatari, mai ci ranar Alhamis, tana tara mutane daga ɓangarorin biyu, kamar yadda kasuwar kanwa ta tara kakanninsu. Amma ga mai bincike sakamakon a fili yake: rabin labarin yana cikin takardun Turanci a Kaduna, rabinsa yana cikin takardun Faransanci da bakin dattawan ƙasar Damagaram.

Kammalawa

Salsalar gidan sarauta ta tsira ne domin tana da masu tsaron ta: makaɗa da maroƙa da 'yan majalisa, daga baya kuma Turawa irin su Gowers, wanda ya tattara bayanin Lardin Kano a 1921, da Hogben da Kirk-Greene a littafinsu na masarautun Arewa na 1966. Amma Ɗan Juma bai zo shi kaɗai ba, Ɗan Tanoma ma bai taso daga Tumbi shi kaɗai ba. Tare da su akwai maƙera da malamai da mahaƙa rijiya da fatake da bayi, kuma jikokin waɗannan ne suka cika ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa da Maigatari. Nasu tarihin ba shi da maroƙi.

Hanyar da aka bi a nan tana iya yi musu aiki. A rarrabe wanda ya kafa da wanda ya haifa. A binciki laƙabi kafin a mai da shi sunan uba. A ɗaure labarin baka a jikin abin da aka san shekararsa, kamar ƙaura daga Tumbi, ko yaƙin Zaburam, ko zuwan Turawa, ko isowar jirgi. A ƙidaya tsara a gwada da shekaru. Sarautu masu asalin Barno irin su Maina da Ciroma, da sunayen unguwanni da rijiyoyi, da tsagar fuska ta dattawa, duk shaidu ne. Haka nan littattafan haraji da na rabon gado na kotunan alƙalai, da abin da aka adana a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna.

Aikin yana da gaggawa. Harshen Manganci ya riga ya ba Hausa wuri a yawancin ƙasar, an daina yi wa yara tsaga, dattawan da suka ji labari daga bakin waɗanda suka ga zamanin Sarki Ahmadu kuwa kaɗan suka rage. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Ɗaliban da suka fito daga waɗannan ƙananan hukumomi huɗu su suka fi kowa cancantar su zauna gaban kakanninsu da alƙalami da takarda, su tambayi daga ina aka zo, wa ya haƙa rijiyar farko, da kuma a zamanin wane sarki aka sauka.